Haƙorin da Na Manna a Baibai

Litinin, 3 ga Maris
Sun kawo muƙamuƙin. Bai kai rabin ɗan yatsana ba, haƙora huɗu, duk a cikin dutse. Farfesa ta ce na wata 'yar dabba ce mai shayarwa, kamar jaɓa, da ta rayu a ƙarƙashin ƙafafun dainoso, ƙattan dabbobin nan na zamanin da, danginta sun ƙare kaf shekaru miliyan ɗari da wani abu da suka wuce. "Guda ɗaya ke nan gare mu, Baba. Kai kaɗai na yarda ka taɓa." Shekara ashirin da bakwai ina fitar da ƙashi daga dutse da allura, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. Kowa a gidan tarihin nan ya sani, don ba na gajiya da tuna musu.

Alhamis, 6 ga Maris
Hannun dama ya sake rawa. Na zauna a kansa har ya daina.

Talata, 11 ga Maris
Ta faru. Ido na kan madubin ƙara girma, allura ta zame, haƙori na uku ya ɓalle. Na tsince shi a gefen tire, kamar ƙwayar gishiri. Na ɗiga gam na mayar. Ba wanda ya gani. Ƙa'ida ce a rubuta kowace karaya a katin ƙashin. Na ɗauki biro, na ajiye.

Laraba, 19 ga Maris
Farfesa ta faɗo ɗakin tana washe baki. Wai tsinin haƙori na uku baya yake kallo, ba a taɓa ganin haka a dangin ba, sabon jinsi ne. Tana fita na duba. A baibai na manna shi.

Asabar, 22 ga Maris
Uwar yara ta ce, "Malam, shayin nan rabi a kofi rabi a riga, sai yaushe za ka ga likita?" Na ce ita ce ta cika kofin. Ta yi min kallon nan nata.

Alhamis, 27 ga Maris
Farfesa ta gama rubutunta, Litinin za ta aika wa masana. Kuma sunana za ta laƙaba wa dabbar, wai tukuicin hannuna. Abin kunya, na ji daɗi. Minti guda cur ina jin daɗi. Baiwar Allah ta kwanta a dutse duk shekarun nan, ba wanda ya yi mata ƙarya sai ni. Ranar da wani ya haska ya ga gam, Farfesa za a yi wa dariya, ba ni ba. Tsoro nake ji, kuma na tsani kaina.

Litinin, 31 ga Maris
Na riga Farfesa zuwa. Na cike katin da kwanan watan gaskiya, rubutun duk a karkace, na ajiye a teburinta. A tsaye ta karanta, sau biyu. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Ta ce, "Zai ciru a gyara?" Na ce zai ciru in an narkar da gam ɗin. Ta turo min tiren.

Na ce ta kira Doguwa, mai tebur na biyu, wadda shekara tara ina hana ta taɓa ƙananan ƙasusuwa. Na tashi na ba ta kujerata, na tsaya a bayanta ina faɗa mata inda za ta sa allura, hannuwana cikin aljihu. Ba laifi, ta iya.

Gobe ma a nan za ta zauna. Fitilar teburina ta fi haske, shi ne kawai dalili.