Kunyar Ɗan Fari

Leeds, Ingila
Oktoba, 2005

Zuwa ga ƙawata Liyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Noah da duk mutanen gidanmu na Limawa. Mu ma lafiya lau. Malam Mika'ilu na ta fama da karatun da ya kawo mu, Kyauta ta fara tafiya, babban kuma ya shiga aji biyu.

A kansa ne ma nake rubuto miki. Ranar da iyaye ke zuwa ganin malamai, malamarsa ta yi ta yabonsa a gabana, wai babu kamarsa a lissafi. Kin san hali. Na sunkuyar da kai na ce ai ba ya jin magana, na ci gaba da gyara wa Kyauta hula. Ya taho zai rungume ni irin yadda 'ya'yansu ke yi, na ɗan janye jikina. Sai matar ta ce, "Ban taɓa jin kin kira sunan yaron nan ba. Me ya sa?" Na yi murmushi kawai. Da wane baki zan ce mata ɗan fari ne, kunyarsa nake yi?

Ashe malamar ta kai rahoto, makon jiya mata biyu suka zo daga hukumar kula da yara. Sun buɗe firji, sun duba gadonsa, sun sa ya naɗe hannun riga suna duban jikinsa. Ba su ga komai ba, amma ƙaramar ta yi ta rubutu. Tun da bama-baman nan suka tashi a Landan kallon da ake yi wa mai hijabi ya sauya, yanzu kuma ga shi har cikin ɗakina.

Ki gaida min Hajiya, surukata, amma kada ki ɗaga mata hankali.

Taki,
Hidaya

Limawa, Minna
Nuwamba, 2005

Maman Mujahid,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kin ga ni na rubuta sunan, hannuna bai karye ba.

Na karanta wasiƙarki a wurin aiki na yi dariya har marasa lafiya suna leƙowa. Wato Bature da duk karatunsa bai san alkunya ba? Su zo su tambaye ni mana. Ni da na gan ki ranar da Mujahid ya yi zazzaɓi, kina tsaye bayan ƙofa kina kuka, ni ce a bakin gado ina riƙe da shi don ke ba za ki iya shiga ba gaban Hajiya. Mu a Kagoro ba ma yin wannan abin naku, amma ba a taɓa ce mana ƙiyayya ba ce.

Maganar ɓoye wa Hajiya kuwa, kin makara. Ta ga ambulan a hannuna ta ƙi barina in wuce. Ta ce dama tuntuni ya kamata a ba ta jikanta ta riƙe kamar yadda aka saba, ku ne kuka kwashe shi zuwa ƙasar sanyi. Ni ma shawarata ke nan. Ku sa shi a jirgi lokacin hutun Kirsimeti, maigidana Julius zai je Abuja ya ɗauko shi. Ya zauna da kakarsa, ya ci sakwarar doyar Paiko, su riƙa zuwa makaranta da Noah. In matan nan sun dawo da littafinsu su ga babu yaro, sai su rubuta firji.

Ki daina tsorata kanki. Sai na ji daga gare ki.

Liyatu

Leeds
Disamba, 2005

Liyatu,

Ina gaisuwa.

Mun bi shawarar, mun sayi tikiti. Ban zaunar da shi na gaya masa dalili ba, wa ke yi wa ɗan fari bayani? Babansa ne ya ce masa zai je wurin Hajiya. Washegari ya gaya wa malamarsa cewa shi kaɗai za a mayar Najeriya, Kyauta za ta zauna. Ranar bai dawo gida ba. Daga makaranta suka wuce da shi gidan wasu Turawa da ke riƙon yara, kotu kuma ta karɓe fasfo ɗinsa.

An kira mu zama a ofishinsu. Malam ya yi bayani da Turancinsa mai kyau, ya ce al'ada ce, uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane. Sai matan biyu suka kama gardama a kanmu, muna zaune kamar kujeru. Babbar, Baturiya mai furfura, ta ce a ƙyale mutane da al'adarsu, ƙasar nan ta kowa ce. Tana faɗa tana dafa hannuna kamar mai lallashin tunkiya. Ƙaramar baƙa ce kamarmu, iyayenta daga Jamaika suka zo. Ta ce, "Da ɗan Bature ne uwarsa ke ture shi, da tuni mun ɗauki mataki. Don wannan baƙi ne sai mu kare shi rabi-rabi? Doka ɗaya ce ga kowane yaro."

Irin gardamar da ake yi ke nan kullum a rediyonsu, ban taɓa zaton ɗana za a ɗora a kan tebur ba. Abin haushin, wadda ke goyon bayana ita ce ba ta ɗauke ni mutum ba, wadda ke son raba ni da shi ita ce ke kallon idona.

Daga ƙarshe ƙaramar ta gaya mana abin da ya ce da suka tambaye shi. Ya ce, "Mama Kyauta take so. Ni ban san laifin da na yi ba."



Hidaya

Limawa, Minna
Janairu, 2006

Hidaya, 'yar'uwata,

Na gaishe ki, ya haƙuri? Dariyar da na yi ta fita min ta hanci. Kirsimetin bana ko shinkafar da na saba kai wa Hajiya ban iya kaiwa da kaina ba, 'yata Charity na aika.

Raina ya ɓaci da matar nan ta Jamaika, na zage ta har Julius ya ce in yi a hankali. Amma na zauna na yi tunani, kuma zan gaya miki ko za ki ji haushi. A nan gidan, in kin kau da kai daga Mujahid, Hajiya na nan ta ɗora shi a cinya, ni ina nan in ba shi ƙosai, masu ɗinki na ƙofar gida suna kiransa ango. Kowa na ce masa, "Ka ga Mamanka? Kunyarka take ji don kai ne babba." Kunyar taki ta tafi Ingila, mu masu yi masa bayani muka tsaya a Limawa. Shekara biyu yaron nan yana ɗaki ɗaya da ke, babu wanda ya gaya masa.

Na je na faɗa wa Hajiya haka, ina jiran ta kore ni. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Ki rubuta mata, ni uwar mijinta na ɗauke mata kunyar. Ta kira shi, ta rungume shi ko a gaban alƙali ne. Su dai ba mu yaronmu."

Kin ji. Kada ki tsaya sunkuyar da kai. A cocinmu ma na sa ana yi muku addu'a.

Taki har kullum,
Liyatu

Leeds
Fabrairu, 2006

Liyatu,

Na gode, ki yi wa Hajiya godiya.

Jiya aka bar ni na gan shi, a wani ɗaki mai kayan wasa, ƙaramar matar nan ta hukuma tana zaune a gefe. Ya yi ƙiba, an yi masa wani irin aski. Yana durƙushe yana jera motoci, ya ba ni baya. Na buɗe baki na ce, "Mujahid." Na sake faɗa da ƙarfi.

Ya ɗaga kai ya duba ƙofa, ya duba matar, yana neman wanda ya kira shi.

Alhamis alƙali zai yanke hukunci. Ku sa mu a addu'a.

Hidaya