Muryar Baban Ummu a Cikin Filashi

Lahadi, 5 ga Nuwamba, 2023

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Alhamdu lillahi, bakina ya gaji da amin.

Da rana na sake kunna hoton mijina a talabijin. Baban Ummu tsaye gaban motarsa a Konni ta Nijar, lokacin da aka rufe boda suka maƙale a can, ɗan jaridar Nijar ya cusa masa abin magana a baki. Yana faɗan albasa tana ruɓewa, yana dariya, wai shi mai asara. Ranar da aka nuno shi ina tankaɗe, na ruga da gari a hannu na danna jan maɓallin rimot. Shi ya koya mini, don na riƙa ɗaukar masa kokawa in yana hanya. Dikodar da ke kamo mana tashoshin a Konni ya saye ta da katinta, ya ɗaura eriya a dogon ƙarfe tana fuskantar arewa, ya soka mata filashi a baya, inda take ajiye abin da aka ɗauka.

Wayarsa ta tafi tare da waɗanda suka harbe shi a hanyar daji. Tawa ta kira ce kawai. Abin da ya rage mini na muryarsa ke nan.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ummu ta sa wa allon talabijin hannu, ta shafa masa koko a gemu. Ban goge ba sai da yamma.

Maƙwabciyata Lubabatu ta ce na bari ta kawo babbar wayarta mu ɗauke hoton daga allon. Na ce ba yanzu ba, ban iya kallonsa da mutum a gefena. Ina yake gudu?

Asabar, 2 ga Disamba

Yau aka yi rabon gado. Maza a zaure da malam, ni a ɗaki da mayafin takaba, ina jin ana jan kaya. Malam ya ce abin da ba ya rabuwa a sayar a raba. Talabijin, dikoda, sola, har eriyar sun sauko da ita. Na tashi zan fita, uwar mijina ta riƙe mini zane. Mai takaba a tsakiyar maza?

Sai ga Yaya Yari, wansa, a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya miƙo hannu ta labule. Filashin ne. Ya ce, "Uwar Ummu, wanga naki na. Ban bari anka sa shi cikin gado ba. Na san mi ke ciki."

Na yi kuka, na sa masa albarka kamar ni na haife shi.

Lahadi, 3 ga Disamba

Lubabatu ta kinkimo tasu dikodar, iri ɗaya sak, da ƙaramar talabijin. Mun soka. Baƙi. Wani rubutun Faransanci ya fito a tsakiya. Mun cire, mun hura, mun goge da bakin zane, mun sake sokawa. Baƙi.

Ta ce wataƙila zafi ne. Zafin me, a Disamba?

Alhamis, 7 ga Disamba

Mijin Lubabatu ya kai wa masu gyara filashin a bakin kasuwa. Wai tashoshin kati a kulle suke zuwa, kuma a kulle dikoda take ajiye abin da ta ɗauka. Ba mai buɗewa sai ita wadda ta ɗauka ɗin, ita kaɗai a duniya. Hoton yana nan lafiya lau, in ji su. Lafiya lau!

Na aika aka kira Yaya Yari. Ban san ina da murya irin wannan ba. Na ce masa sun ba ni ɗaki sun sayar da mabuɗi, su da malaminsu da hanzarinsu, kamar kayan za su tsere kafin na fita takaba. Ya tsaya bayan labule har na gama. Sai ya ce, "Wallahi ni ma ban kalle shi ba ko sau guda. Cewa niy yi sai zuciyata ta kwanta." Wannan ya fi zagi ciwo.

Dikodar tamu, wani dillali mai suna Sahabi ya sayar wa, mai haɗa tsofaffin kayan wuta yana tsallakawa da su Konni ta daji.

Talata, 9 ga Janairu, 2024

Yaya Yari ya dawo daga Konni, karo na biyu. Hannu wofi. Ban ba shi ko ruwa ba, Allah ya yafe mini.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Na fita takaba jiya. Yau na hau kabu-kabu zuwa Konni, ta hanyar dajin nan, ita dai. Ban kalli gefe ba.

Rumfar Sahabi cike take da dikodoji, an jibge kamar bulo, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Ya ce, "Hajiya, wace alama gare ta?" Shekara nawa ina goge mata ƙura, ban san mata alama ba. Ya yi haƙuri da ni, yana jona su ɗaya bayan ɗaya ina soka filashi, har la'asar. Daga baya ya ce na Disamba sun daɗe da wucewa garin Tawa, wasu an fasa an cire kayan ciki.

Na yi masa godiya. A hanyar dawowa na so in kawo muryar a kaina, sai ƙarar babur kawai nake ji.

Juma'a, 8 ga Maris

Azumi ya matso. Yaya Yari ya aiko da gero. Na karɓa, na ce a gaishe shi.

Ummu ta tsaya inda talabijin take a da, ta ce ina Baba na akwati. Na ce ya tafi. Ta ce to mi ya ce? Na zaunar da ita na ƙara murya na yi mata shi, har da dariyar. Da na gama sai na ji bakina ya ci gaba: "Kuma ku gaishe min da ɗiyata Ummu, ku ce ta ci tuwo."

Bai faɗi haka ba. Na san bai faɗa ba.

Ta cinye tuwon tas. Ta ce gobe ma na yi mata, na ce to.