Kulocin Fijon Baban Nasiha

Lafiya, 28 ga Nuwamba, 2004

Yaya Usaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, motar gidan ce kawai ba ta da lafiya, kuma kin san in Fijo ta yi atishawa Baban Nasiha ne ke yin zazzaɓin.

Ki yi haƙuri da rashin ganinmu a Keffi ranar sunan jikarki. Mun shirya tsaf, har mun ɗauki hanya, sai kuloci ya maƙale. In ya taka ba ya tasowa, sai ya zura babban yatsan ƙafa ya ɗago shi. Haka muka juyo, yana tuƙi ba takalmi, ni kuma ina riƙe da takalman a cinyata ina danne dariya. Kada ki faɗa masa na faɗa miki. Motar nan ta mahaifinsa ce, ta girmi aurenmu, kuma duk ranar Asabar da safe sai ya buɗe bonet ya duba ta ya ƙara mata abin da ya ragu, kafin ya tambaye ni yadda na kwana.

Iorfa ya duba ta sau biyu. Kin tuna shi ai, makaniken nan Tibi da ya kai ni asibiti ranar haihuwar Nasiha, wanda duk Babbar Sallah yake zuwa cin nama, har da farantinsa na daban a gidan nan. Karon farko ya janye shimfiɗar ƙafa ya ga ko ita ke riƙe abin, ya duba sifirin, ya shafa giris. Bai hana ba. Karo na biyu ya ce ciwon yana ciki. Ashe shi ma kuloci man birki yake sha, akwai wasu 'yan robobi da ke tura man. Ya canza su, na sama da na ƙasa, ya fitar da iska. Kwana goma motar ta yi lafiya, sai ta koma gidan jiya.

Yanzu Baban Nasiha a acaɓa yake zuwa makarantar da yake koyarwa a Shabu, yana dawowa da ƙura a gira da fushi a baki. Ya fara cewa Iorfa jabun roba ya sa masa. Na ce masa mutumin da kuka yi shekara goma sha tara tare ba zai fara cutarka da tsufansa ba, ya ce in tsaya a kan keken ɗinkina. To na tsaya. Ɗinkin Kirsimeti ma ya fara shigowa, ga shi kwalbar man kekena ta ɓace min tun wancan watan, sai da na sayi wani.

Ki gaida kowa, ki shafa min kan jaririyar.

Ƙanwarki,
Sabuwa

Lafiya, 16 ga Disamba, 2004

Yaya Usaina,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na so in kira ki a wajen masu waya na bakin titi, amma maganar nan ba ta gaban mutane ba ce. Ki karanta ki yaga.

Yaya, ni ce na lalata motar.

Bari in bi miki da shi tun daga farko. Iorfa ya zo har gida karo na uku, don motar ta ƙi fita. Ina baranda ina ɗinki, duk abin da ya yi a idona. Da ya ciro robobin da ya sa da hannunsa sai ga su sun kumbura sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen wake. Ya daɗe yana murza su yana shinshina yatsunsa. Sannan ya nemi in ba shi ruwa a kofi, ya ɗiga man da ke cikin motar. Ya ce man birki na gaskiya gauraya yake da ruwa. Wannan kuwa sai ya taso sama ya zauna. Ya ce akwai wani man daban da ke shiga wurin, shi ke cinye robar, kuma yana so ya ga kwalbar da ake ƙarawa da ita.

Nan fa Baban Nasiha ya tashi. Wai shi da yake kula da motar nan tun Iorfa bai mallaki sifana ba, yau shi za a ce bai san man birki ba? Ya ce a bar masa motarsa. Iorfa ya tattara kayansa a buhu ya fita. Ruwan da na kawo masa na sha ma bai taɓa ba.

Bayan kwana biyu na buɗe but ɗin motar zan ɗauki doyar da aka manta a ciki, sai ga kwalbar man kekena, an kusa ƙarar da ita. Kin san a kasuwa a ƙullin leda ake auna mana man keke. Nawa ya huje ranar da na saya, na duba na ga wata kwalbar man birki da ya gama da ita a kan tagar baranda, mai ɗan baki siriri, daidai da ɗigawa a keke. Na juye a ciki na mayar inda na ɗauka. Man fari ne tas, kwalbar tasa ce, tagar ma nan yake ajiye kayansa. Duk Asabar ɗin duniya yana ɗura wa motar mahaifinsa man keken ɗinkina, ni kuma ina zagin 'ya'yan maƙwabta a raina cewa sun sace min kwalba.

Da abin ya tsaya a mota da da sauƙi. Baban Nasiha ya je wajen mai shayin bakin tasha inda direbobi ke taruwa, ya faɗa a gaban kowa cewa Iorfa jabun kaya yake sa wa mutane. Kin san maganarsa tana da nauyi a wurinsu. An ce direbobin Obi da Agyaragu sun daina kai masa motoci. Ki tuna bayan rikicin nan da mutanensu suka gudu, hannu rabbana ya dawo garin nan, kayan aikinsa ma a ɗakinmu suka yi wata biyar a ɓoye. Da ƙyar ya sake tara mutane a ƙarƙashin mangwaron nan da yake gyaran mota. Ba shi da shago, ba shi da allo, sunansa kawai yake da shi.

Kwana tara ke nan da na gani. Na ɓoye kwalbar a ƙasan akwatin yadina. Kullum sai in ce yau zan faɗa, in kai masa abinci, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa ko gishiri ya ji. Tsoro nake ji, Yaya, ba na faɗansa ba, na irin kallon da zai yi min. Kuma ina jin kunyar kaina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ki yi min addu'a, ki kuma faɗa min gaskiya ko da mai zafi ce.

Taki,
Sabuwa

Lafiya, 24 ga Janairu, 2005

Yaya Usaina,

Barka da Sallah, da fatan kun yi layya lafiya. Allah ya maimaita mana. Na samu wasiƙarki, kuma duk faɗan da kika yi min na cancanta. Sai dai kafin ta iso an riga an tona ni, ta hanyar da ba zan manta ba.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, Nguavese matar Iorfa ta zo karɓar ɗinkinta kamar kowace shekara. Na ɗauka ba za ta zo ba. Na kasa kallon idonta. Da za ta tafi sai ta kwance bakin zaninta ta ajiye min wata 'yar gwangwanin mai, irin mai dogon baki da makanikai ke amfani da ita, an wanke ta fes. Ta ce, “Madam, oga ya ce ka sa man mashin naka a wannan, ka yar da wancan kwalba, kar Ticha ya ƙara zuba shi.”

Ya sani, Yaya. Tun ranar da yake shinshina yatsunsa ina zaune a kan kekena taku biyar daga gare shi, ya gane warin. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa. Bai faɗa ba, don kada ya tona matar abokinsa a gaban mijinta. Ya bar min in faɗa da bakina, ni kuma na bar shi yana zaune ƙarƙashin mangwaro ba mota ko ɗaya.

A ranar, da Baban Nasiha ya dawo daga Shabu, ban bari ya cire hula ba. Na ajiye kwalbar da gwangwanin a gabansa na faɗi komai, har da kwanakin da na yi shiru. Bai yi faɗa ba. Ya shinshina kwalbar, ya ce man nawa ne amma bakin da ya ɓata sunan Iorfa nasa ne. Ya sa ta a aljihu ya fita a ƙafa. Washegari ya koma wajen mai shayin nan, ya ɗiga man a kofin ruwa a gaban direbobi kamar yadda ya ga an yi, ya ce shi ne bai san man birki ba. Sunana bai ambata ba. Wasu sun koma wa Iorfa, wasu sun riga sun saba da wani gareji.

Iorfa ya karɓi motar, ya wanke hanyar man gaba ɗaya, ya canza duk wata roba da man ya taɓa. Ya kawo ta da kansa, amma a ƙofar gida ya tsaya ya miƙa makulli. Na fito na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Madam, ya wuce. Murmushi yake, sai dai bai tsallako zauren ba.

Ranar Sallah na soya masa hanta yadda yake so, da yaji da albasa, na zuba a farantinsa na rufe. Baban Nasiha ya hana kowa zama a kujerar da yake zama. Har la'asar muna sauraren ƙofa. Daga baya Iorfa ya aiko da gaisuwa, wai aiki ya riƙe shi.

Motar lafiya lau yanzu, ko ɗan yatsa ka sa kuloci yana dawowa da kansa. Iorfa ne bai dawo ba. Farantin yana nan a kan kanta, na wanke shi, ban mayar da shi cikin sauran ba.

Ki gaida maigidan da yara. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Sabuwa