Binciken Gidan Su Maribel

Kpakungu, Minna
4 ga Nuwamba

Ɗana Sheshi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Hajiyarka tana gaishe ka. Jiya muka zauna a ƙofar gidanta muna ɓare gyaɗa, ita ce ma ta ba ni lambarka. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Abokinka, ɗana Caleb, ya ce ya samu mata. Sunanta Maribel, 'yar garin nan ce da yake gyaran injinan ban ruwa. Ya turo hoto, tana da kyau, amma hoto ba ya faɗin halin gida. Ka san al'adarmu, kafin a kai gaisuwa sai an tura mutum ya shiga unguwa ya tambaya. Lokacin da babansa ya zo nemana, kawunsa kwana uku ya yi a Kuta yana yin kamar doya ya zo saye. Yanzu baban ya rasu, kawunan kuwa ko Abuja ba sa son zuwa. Garin a jihar Arizona ta Amurka yake, Hajiya kuma ta ce a can kake jan babbar mota, to ka biya mini.

Ka bincika: akwai taɓin hankali a gidan? Farfaɗiya? Sata? Matansu suna zaman aure? Me suke nomawa, wace coci suke zuwa? Caleb ya ce hamada ce. Ni ban gane yadda mutum zai bar Neja, inda ko sanda ka kafa sai ta yi ganye, ya je ya yi aure cikin yashi ba.

Kada Caleb ya sani. Shi kaɗai ne namiji a wurina, kuma sai na ji daga bakinka zan ce e ko a'a.

Allah ya tsare hanya.
Mamanka, Dorothy Shekwolo

Arizona
17 ga Nuwamba

Mama,

Barka da gida, barka da kasuwa. Saƙonki ya iso, na karɓa hannu biyu. Na roƙi mai gidanmu ya ba ni lodin garin, ya ba ni, ranar Talata na shiga.

Mama, garin ƙarami ne. Idan aka kwashe mutanensa aka zuba a Kpakungu ranar Asabar, ba wanda zai lura an yi baƙi. Hamada ce da gaske, ruwan sama bai fi a ƙirga da yatsu ba a shekara. Amma sun jawo ruwan kogi ta manyan kwatoci na siminti, sai ki ga yashi a hagu, latas kore shar a dama har iyakar ganin ido. Latas ɗin nan shi ne doyarsu. Da shi ake gina gida, da shi ake aure, shi nake ɗauka a mota mai sanyi. Akwai dabino kuma. Noman nasu da sanyi ake yi, don da zafi ko kare ba ya fita. Na yi zaton Minna a watan Maris ita ce ƙarshe, ashe wasa muke yi.

Yawancin mutanen asalinsu Meziko ne, iyakar ma tana nan kusa. Yaren Sifaniya ake yi a shago da coci, Turanci sai ofis. Ma'aikatan gona da yawa daga ƙetare suke shigowa kullum su koma. Sai kuma wani abin mamaki: da sanyi ya shigo, tsofaffin Turawa daga arewacin ƙasar suke zuwa da motoci masu ɗaki a ciki, su cika gari suna shan rana, zafi na fara leƙowa su gudu. Samari kuwa da sun gama makaranta sai babban birni. 'Yan Najeriya uku ne a garin har da Caleb, kuma sun kafa ƙungiya. Shi ne sakatare.

Na ga ɗanki daga nesa, ya yi ƙiba. Ban bari ya gan ni ba.

Naki, Sheshi

Kpakungu
19 ga Nuwamba

Sheshi,

Ina gaisuwa. Na karanta labarin latas har sau biyu. Latas Caleb zai aura? Ganye ne fa, wanda muke yankawa a gefen shinkafa ranar Kirsimeti. Gida na aike ka, ba gona ba. Ka koma ka shiga shago, ka sayi abu kaɗan, ka ja hira, ka kawo sunan gidan a hankali. Haka ake yi. Sai ka ce ba a unguwar nan ka girma ba.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.
Mama

Arizona
2 ga Disamba

Mama,

Ina kwana, ya jiki, ya sanyin gari. Ki zauna kafin ki karanta, don an kama ni.

Na yi yadda kika ce. Na shiga wurin wani mai aski, na zauna, na ja hira, na tambaya ko ya san gidan su Maribel, ko akwai taɓin hankali a ciki. Ya tsaya da aska a hannu ya ce, “Akwai, ni ne. Ni ƙanen mamanta ne.” Mama, garin nan kowa ɗan'uwan kowa ne. Kafin ya gama mini gefe ɗaya, an aiko in je, kakarta tana kira.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura tamanin. Na shiga ina tunanin 'yan sanda. Sai ta sa aka kawo mini wani abu kamar alale, na garin masara, naɗe a ɓawon masara. Da ta ji ni Musulmi ne, ta ce na kaza ne, in ci. Mai askin ne yake fassara mana. Na faɗi gaskiyar abin da ya kawo ni. Ta buga tebur tana dariya, ta ce, “Sai yau na yarda yaron nan yana da gida. Wata takwas yana zuwa nan, ba wanda ya zo ya tambaye mu komai.”

Ga amsoshinki. Farfaɗiya babu. Hauka babu, ban da mai aski. Sata, ta ce mahaifinta ita tsohuwar ya taɓa ɗauke jakin maƙwabci, amma jakin ya koma da kansa. 'Yan Katolika ne. Zaman aure kuwa, shekara hamsin da ɗaya ta yi da mijinta, har yau tana zuwa kabarinsa da furanni ta yi masa faɗa. Maribel malamar firamare ce, ta shigo ta gaishe ni da ladabi, kunya ta kama ta.

Sannan tsohuwa ta ce saura nata binciken. Ta tambaya ko kina da faɗa. Mama, ki yafe mini, ina cin abincinta, na ce kina da shi. Na ba ta labarin ranar da kika kori 'yan kamasho uku daga rumfarki da doya ɗaya a hannu. Ta ce kin yi mata.

Tambaya ta ƙarshe ce ban iya amsawa ba. Ta daina dariya. Ta ce jikokinta tara, takwas sun tafi birni, Maribel kaɗai ta zauna, ita ke kai ta coci, ita ke gyara mata gashi. Ta ce, “Ka tambayi uwarsa, idan na ba shi ita, za ta kira su gida ne?”

Caleb ya ji komai. Ya yi dariya har da hawaye, daga baya ya ce, “Me Mama ta ce?” Na ce ban sani ba tukuna.

Naki mai biyayya, Sheshi

Kpakungu
9 ga Disamba

Ɗana Sheshi,

Na gaishe ka. Ka iya tona asiri, za mu haɗu.

Tsohuwar nan ta gano ni. Niyyata ke nan tun farko, in ce e, a ɗaura aure, sannan in fara ciwon ƙafa a waya har sai sun tattaro sun dawo Minna. Mako guda ina juya maganarta a rumfa. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ina da 'ya'ya mata biyu a Bosso, ina da Hajiyarka bango ɗaya. Ita mutum ɗaya ta rage mata.

Ka faɗa wa Caleb na ce e. Ka sa babbar riga ka kai gaisuwa da sunan gidanmu. Ka ce wa tsohuwa ta riƙe jikarta, ba zan kira su ba. Ni ce zan zo. Ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ka rubuto mini yadda ake yin fasfo.

Allah ya bar zumunci.
Mamanka, Dorothy