Tsinkar Gahawa a Igiyar Shanya

Salamina, watan Afrilu

Zuwa ga Yayata Leonilde,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Fabiola da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, ciwon mantuwar mijina Evaristo ya ƙaru tun da muka koma gidan kula da tsofaffin nan. Da safe lafiya lau yake. Amma rana na karkatawa sai ya tashi ya kama jijjiga ƙofar gida, yana ihu wai gahawa ta nuna tana zubewa a gona. Gonar da muka sayar tun ƙarfinmu bai ƙare ba! Ni kaina ya daina gane ni, "matar nan" yake ce min. Ranar Talata ya ture wani ma'aikaci har ya fasa masa leɓe.

Shugabar gidan ta ce in ya sake, za a kai shi asibitin birnin Manizales, sashen da ake kullewa, a riƙa ba shi maganin barci. Ni kuma a nan za a bar ni. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Herminia

Salamina, watan Yuni

Yaya Leonilde,

Ina gaisuwa. Saƙon mazarƙwaila ya iso, na gode ƙwarai.

Bari in ba ki labarin Yamile, matar da ke sa mu motsa jiki. Da farko ta zaunar da Evaristo cikinmu ana ɗaga hannu ana saukewa. Ya harare ta ya ce, "Ɗan makaranta kika mayar da ni?" Ba ta ji haushi ba. Ta zo ta zauna bakin gadona ta ce, "Doña Herminia, nuna min yadda yake tsinkar gahawa." Na nuna mata.

Washegari ta ɗaura igiyar shanya a baranda, ta jera robobin nan na maƙale kaya, ja da kore, kamar nunannun 'ya'yan gahawa da ɗanyu. Kafin lokacin fitinarsa ya yi ta tare shi da kwando.

"Baba Evaristo, ma'aikata sun yi ƙaranci yau. Za ka taimaka?"

Yaya, da kin gani! Ya ɗaura kwandon a ƙugu, ya miƙa hannu, ya sunkuya, ya taka gaba, yana tsince jajayen yana barin korayen. Kullum sai ta sauya tsayin igiyar don kafaɗa da gwiwa su samu aiki. In ya gama sai ya sha ruwan mazarƙwaila, ya ci arepa, wainar masarar nan tamu, ya huta abinsa.

Ba warkewa ya yi ba. Akwai ranakun da yake jefar da kwandon ya nufi ƙofa. Ba ta musu da shi, ba ta riƙe shi. Sai ta jera da shi suna zagaya tsakar gida har numfashinsa ya daidaita. Ban taɓa ganin haƙuri irin na matar nan ba. Shugabar ta janye maganar Manizales.

Jiya Yamile ta ɗaura min kwando ni ma, ta tsayar da ni kusa da shi. Kin san hannuna da rawa, 'yan kaɗan na iya tsinkewa. Ya leƙa kwandona, ya girgiza kai.

"Yarinya, sabuwa ce ke? A haka mai gona zai kore ki."

Ya waiga ko ana kallonmu, sannan ya juye rabin nasa a nawa.

Gobe ma ina da aiki.

Taki,
Herminia