Na Yi Wa Wanda Ya Yar Da Ƙanena Tafinta

Assalamu alaikum masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku tsine mini.

Ni mutumin Kelle ne, ina aiki a Gure. Bayan farin nan da ya cinye dabbobi, aka turo wani ma'aikaci daga Damagaram ya gano yawan shanun da ake tsallakawa da su Nijeriya a bayan idon duwan, wato 'yan kwastan, wai a sa su cikin lissafin arzikin ƙasa. Ba ya jin Hausa sosai, aka haɗa shi da ni in yi tafinta. Ni na dafa Alƙur'ani gaban fataken shanu cewa sunan kowa ba zai fita ba.

Cikinsu har da wani Alhaji da ƙanena ya yi wa aikin korar shanu. Ni da ƙanen nawa uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa, shi ya sa Alhajin bai san ni ba. Bara ya aiko wa inna cewa zazzaɓi ya kashe yaron a hanya, sun yi masa sutura. Da ma'aikacin ya tambaye shi asarar hanya, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, gaya masa ni ban taɓa yar da saniya ba. Makiyayi dai na taɓa bari gindin aduwa da gorar ruwa, ciwo ya kama shi, duwan na bayanmu. Wa zai tsaya?" Jama'a, da bakina na juya maganar nan zuwa Faransanci! Ƙanena ke nan, yana da rai suka tafi. Wa ya rufe shi? Ungulu?

Na je na kwarmata wa duwan hanyar Alhaji da rijiyar da yake shayarwa. Suka kwashe garken kaf. Na ga Alhaji zaune a ƙasa ba hula, wallahi na ji sanyi a raina.

Abin kunyar, fatake sun ɗauka ma'aikacin ne ya ci amana. Sun tare shi bayan kasuwa sun karya masa hannu, aikinsa ya watse. Na je gaishe shi, ya riƙe ni ya ce, "Ɗan'uwa, kai kaɗai ka san ban faɗa ba."

Yanzu Alhaji ya fara tara wani garken, kuma na san sabuwar hanyarsa. In na wanke bawan Allahn nan, na tonu, Alhaji ya sha. In na yi shiru na sake kai shi ƙasa, wani marar laifi zai biya. Ni kuwa ban huce ba, inna ma har yau addu'a take yi wa Alhaji don ya suturta mata ɗa.

Me zan yi?