Saƙon Muryar Rifkatu

Daren Talata, Tudun Wada

Yau likitar da ke ba masu shirin aure shawara ta bidiyo kan gwajin jini ta yabi Rifkatu a gabana. Rifkatu, sabuwar abokiyar aikina a asibiti, ita ce ta ɗauki bayanin sikila a saƙon murya, ana tura wa mutane tun suna gida. Yanzu suna zuwa asibiti sun riga sun gane, kafin azahar layi ya ƙare.

Da ni nake zama da su kafin a kira likita. Ina daɗewa, na sani, don sai na ba su labarin Sadiq ɗina, yadda ciwon ya ɗauke shi yana shekara tara.

Rifkatu ta dafa ni tana dariya, ta ce, "Anti Binta, kin huta da surutu!" Na ce, "Wallahi kuwa."

Sau uku na saurari saƙon a hanyar gida, ina neman kuskure. Babu. Yarinyar ta iya magana, shi ya fi ci min rai. Allah ya yafe min.

Aikina yanzu jona wayar da ake kiran likita da jera kujeru. Wunin yau gaba ɗaya ban faɗa wa kowa sunan ɗana ba.